Ranar da Baba Direba Ya Sake Bugowa

Gidan rediyon yana saman wani shagon tayoyi. Ɗakuna ne ƙanana, sai ɗan falon da baƙi ke jira, mai kujerun roba da fankar da ke kuka kamar ana matse mata wuya. Ɗakin watsa shirye-shirye an liƙe bangonsa da soso, tagarsa ɗaya, ita ma gilashi ce mai kallon ɗakin Injiniya. A nan Anti take zama kowace safiya, ta ɗora abin sauraro a kan ɗankwalinta, ta buɗe shirinta mai suna Kunnen Gari. Masu bugo waya ne suka laƙaba mata Anti, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, sunan ya bi ta har gida, mijinta ma da shi yake tsokanarta.

Shirin ba shi da wani dogon tsari. Takan ɗauko magana ɗaya ta yi sharhi a kai, sannan ta buɗe layi. Ta yi magana kan matan da ke haihuwa a barandar asibiti, da 'yan hayar da ake watsa wa kaya waje ba takardar kotu, da sabuwar dokar da ta hana mutane taruwa sai da izini. Ba ta zagin kowa. Abin da take yi, ta karanto abin da doka ta ce, ta faɗi abin da ake yi, ta bar masu sauraro su auna tazarar da kansu. Manaja yakan ce ita ba ta yanka da wuƙarta, nunawa kawai take yi, amma nunin ma ya isa ya hana shi barci.

A cikin masu bugowa kullum akwai Baba Direba, wani dattijo mai tuƙa bas ɗin cikin gari. Daga tasha yake kira, yana jiran layinsa ya zo, ana jin ƙugin injuna da hayaniyar kwandastoci a bayansa. Ba ya fara magana sai ya gai da Injiniya, wanda bai taɓa gani ba, yana kiransa sarkin katse wa talaka hanzari. Daga nan ya ba da labarin ciwon gwiwarsa, ya ce shi fa bai yarda da Anti ba, ya yi ta zagaye, a ƙarshe ya sauka daidai inda ta tsaya. Ita da shi ba su taɓa haɗuwa ba, amma ranar da bai bugo ba sai ta ji shirin ba gishiri.

Abin ya faro ne daga wani hatsari. Wani direba da aka sa shi tuƙi tun asuba har faɗuwar rana ba hutu ya yi gyangyaɗi, ya daki katanga, ya rasa ƙafa. Direbobi suka taru a tasha domin su nemi a rage musu tsawon aiki. Ba su nemi izinin taro ba, don a ganinsu wurin aikinsu ne. Ana tsakiyar magana wata farar mota marar lamba ta shigo, wasu mutane cikin kayan gida suka fito, suka tafi da shugaban ƙungiyar da sakatarensa da wani makanike da ya yi ƙoƙarin shiga tsakani. Da yamma kakakin 'yan sanda ya ce su ba su kama kowa ba, ba su ma san an yi taro ba.

Washegari Baba Direba ya bugo, bai yi maganar gwiwa ba. Ya ce yana tsaye a wurin, da idonsa ya ga an tura shugaba cikin motar har hularsa ta faɗi, hular ma tana hannunsa yanzu haka.

"Kuma Anti, ɗaya daga cikinsu na san fuskarsa," in ji shi. "Bas ɗina yake hawa, a ƙofar babban ofishin 'yan sanda yake sauka. Ko a duhu na gan shi zan gane shi."

Ta cikin gilashi Anti ta ga yatsan Injiniya a kan maɓallin katse layi, yana kallonta. Ta girgiza kai. Ta bar Baba ya gama, sannan ta yi sharhinta. Ta ce ko da an ɗauka taron ya saɓa doka, dokar ƙasa ta ce duk wanda aka kama a faɗa wa iyalinsa inda yake, a kai shi gaban alƙali ba ɓata lokaci. Ta ce hukumar da ke kama mutum ta ce ba ta kama ba, ta koya wa kowane ɗan fashi yadda zai yi, domin daga ranar nan ba wanda zai iya bambanta motarta da tasu.

Daga ranar Baba bai sake bugowa ba.

A makon ne wani mutum ya fara zuwa gidan rediyon. Matsakaici ne, mai tsabta, da farar riga mai guga. Kafin Anti ta iso yana zaune a falo da jarida, har ta tashi yana nan. Manaja ya ce daga hukumar da ke ba da lasisi aka turo shi ya ga yadda ake aiki, kada kowa ya damu. Da yake bai faɗi sunansa ba ma'aikata suka sa masa Mai Jarida, mai shara kuma ta ce ita ba ta taɓa ganin baƙon da ya fi masu gida sanin inda makullin banɗaki yake ba. An yi dariya, amma ƙasa-ƙasa.

Mutumin ba shi da laifi a gaisuwa. Yakan miƙe in Anti ta shigo, ya ce shi ma mai sauraronta ne. Wata safiya ya tambaye ta ya jikin Auta, ko zazzaɓin ya sauka. Anti ba ta gaya wa kowa a wurin aiki cewa 'yarta ba ta da lafiya ba. Ta amsa da sauƙi, ta wuce.

Bayan 'yan kwanaki, tana saukowa daga bene, mai shagon tayoyi ya nuna mata wata mata da ke zaune a kan tsohuwar taya a inuwa, ya ce tun safe take jira, ta ƙi hawa sama. Dattijuwa ce siririya, takalminta duk ƙura. Ta ce ita ce matar Baba Direba. Ranar da ya yi magana a rediyo, kafin azahar wasu suka same shi a tasha suka ce ana nemansa a ofis, ya bar bas ɗinsa da fasinja a ciki ya bi su, bai dawo ba. Ta zaga ofisoshin 'yan sanda, kowanne a duba littafi a ce babu shi. Ta bi gidajen 'yan uwansa, ta je asibiti. Ta je har ɗakin ajiye gawa, aka buɗe mata waɗanda ba a san danginsu ba ta duba ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ba faɗa na zo yi ba, 'yata," in ji matar. "Kullum cewa yake ke kin san doka. To ga ni, ki gaya mini ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba."

 Anti ta karɓi lambar wayarta, ta koma sama ta sami Manaja, ta ce gobe za ta yi cigiyar Baba a shirinta. Manaja ya tashi ya rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya ɗauke ta aiki lokacin da wasu gidajen suka ce bakinta ya yi kaifi. Ya ce mata lasisinsu a kan siraɗi yake, mutum nawa ke ci daga gidan nan, kuma wa ya sani ko surutu ya ƙara jefa dattijon cikin wahala. Ya roƙe ta ta ɗan lafa, a bi ta bayan fage, shi zai yi magana da wani da ya sani. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ta, don ita ma tsoron da take ji ke nan.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Mijinta ma'aikacin ɗakin magani ne a asibitin gwamnati. Suna shan shayi ya gaya mata shugaban asibitin ya kira shi ofis, ya tambaye shi ko gaskiya ne matarsa ce mai shirin nan, sannan ya shiga ba shi labarin wani ƙaramin asibiti can bakin iyaka da ke neman ma'aikaci. Ya ce shi ba zai ce ta daina ba, da bakinta ya gan ta ya aura, amma ta riƙa tunawa da Auta. Innarta ma ta bugo waya, ba ta yi doguwar magana ba, ta ce baki shi ke yanka wuya, ta kashe.

Haka Anti ta koma maganar kwatoci da tarin shara. Tsofaffin masu bugowa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka maye gurbinsu muryoyi ne da ba ta sani ba, masu santsi, kowanne ya gode wa hukuma kan zaman lafiya, ya ja kunnen masu son tada zaune tsaye, kusan da kalmomi iri ɗaya. Kowace rana matar Baba takan bugo mata bayan an tashi, ba ta tambayar komai, gaisuwa kawai take yi ta yi shiru, Anti ta ce ana nan ana ƙoƙari. Mutumin da Manaja ya sani ya daina ɗaukar waya.

Ranar da abin ya faru, tana tsakiyar magana kan wata gada da ta tsage, ta ɗaga kai ta ga ɗakin Injiniya ya cika. Manaja yana tsaye a bayansa yana share gumi, Mai Jarida kuma, wanda bai taɓa wuce falo ba, yana jingine da bango, jaridarsa a naɗe a hannu. Injiniya ya ɗaga mata yatsa alamar akwai kira, amma bai kalle ta ba.

Muryar Baba Direba ce. Anti har ta fara yi masa barka, sai ta tsaya. Babu ƙugin inji a bayansa, babu kwandasta. Muryar tana amsa kuwwa kamar daga ɗakin da babu komai a ciki. Bai gai da Injiniya ba. Ya yi sallama, ya shiga magana a jere, ba zagaye ba tsayawa, ana jin motsin takarda.

"Na bugo ne in gyara maganar da na yi. Ban ga an kama kowa ba. Ban san fuskar kowa ba. Wasu ne suka zuga ni. Ina neman afuwar hukuma da jama'a. Ni lafiyata ƙalau, ina hutawa a wurin 'yan uwana."

 Anti ta san abin da ake so ta yi: ta gode masa, ta ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ta ɗauki kira na gaba. Manaja yana yi mata alama da hannu ta wuce. Ta tuna 'yarta, ta tuna asibitin bakin iyaka. Ta kuma san cewa a wani ɗaki dattijuwar nan tana zaune da rediyo a cinya tana jin muryar mijinta.

"Baba," ta ce, "matarka tana nemanka. Ta je wurin 'yan uwanka duka, ba ka can. Ta je har ɗakin gawa. Tana jin ka yanzu. Gaya mata inda kake."

 Aka ji kamar an ja kujera a kan siminti. Sannan muryarsa ta fito, ba irin ta karatun ba, tasa ta ainihi, a dishe.

"Ki ce mata ina da rai. Su shugaba ma suna..."

Aka katse daga can.

Jar fitilar da ke gabanta tana nan a kunne, ma'ana har yanzu gari yana jin ta. Injiniya ya ɗauke hannuwansa biyu daga kan na'ura ya ɗora a cinya, yana kallon bango. Anti ta matso da bakinta.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Wannan dattijo ba a gidan 'yan uwansa yake ba. Duk wanda ke riƙe da shi, da shi da mutum ukun da aka ɗauka a tasha, doka ta ce ya kai su gaban alƙali. In suna da laifi a faɗa a fili. Mu dai yau mun shaida yana da rai, kuma da ransa muke so a dawo da shi."

Mai Jarida ya tako a hankali, ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Injiniya, ya ja maɓallin ƙasa da kansa. Fitilar ta mutu, kiɗa ya maye gurbin.

Da ta fito bai ɗaga murya ba. Ya buɗe mata ƙofa ma. Ya ce ya lura kwanan nan ta gaji, aikin safe akwai cin rai, ya kamata ta huta ta kula da iyali. Kafin la'asar Manaja ya kira ta, idonsa a ƙasa, ya ce an dakatar da shirin sai abin da hali ya yi. Injiniya kuwa an sallame shi gaba ɗaya. Ta same shi yana tattara kayansa a leda, kofinsa da tabarau da wata tsohuwar sukundireba. Ta fara ba shi haƙuri, ya ce ta bari, shekara nawa yana katse mutane, yau ɗaya dai ya huta. Takardar canjin wurin aikin mijinta ta zo a makon. Ya karanta, ya ninke, ya tambaye ta ko ta ga babbar jakarsa. Bai ɗora mata laifi ba, ita kuwa da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Amma mutane sun naɗi kiran a wayoyinsu, ya bazu daga hannu zuwa hannu, a shagunan aski da layin famfo da cikin bas. Wata lauya mai kare waɗanda aka tsare ta shigar da ƙara tana neman a fito da mutum huɗun. Ba a kai ga zama ba, wata safiya masu shara suka tsinci Baba Direba zaune a bakin titi kusa da tasha, ba takalmi, da rigar da ya fita da ita.

Anti ta je gaishe shi. A ranar ta fara ganinsa: ɗan gajere ne, ba kamar yadda muryarsa ta sa ta zata ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana zaune a gefen gado yana fuskantar ƙofa, duk motar da ta wuce sai ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace. Matarsa ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Anti ta ce ita ta ja masa, da ta bari an katse shi tun ranar farko. Ya ce a'a, shi ya buga wayar da hannunsa, kuma ba don tambayar da ta yi masa ba da yanzu wani zancen ake yi, don bayan kiran ne suka fara ba shi abinci sosai suna jiran kumburin fuskarsa ya saɓe.

Ta tambaye shi su shugaba.  Ya ce ɗakinsu yana jikin nasa, da farko yakan ji muryoyin su ukun ta bango. Daga baya ya koma jin biyu.

Ta gaya masa lauya tana neman wanda zai tsaya a kotu. Ya kalli tsakar gida, inda jikokinsa ke wasa da murfin kwalba.

"Sun ce in na sake buɗe baki, ba ni za su ɗauka ba," ya ce.

Ba ta ƙara tambayarsa ba. Da lauyar ta neme ta ita ta yi rantsuwa kan abin da ya faru a ɗakin watsa shirye-shirye, wa ya shigo, wa ya kashe na'ura, ta kwana biyu tana juya maganar. Ta kira mijinta a can inda yake, layin yana yankewa. Ya ce ta fara kai Auta wurin Inna tukuna. Ta kai ta, ta dawo ta sa hannu.

Ranar zaman ta isa kotu da wuri. Barandar doguwa ce, da benci ɗaya jikin bango. Matar shugaba da matar sakatare da mahaifiyar makaniken suna zaune a kai, kowacce da jaka a cinya. Suka matsa mata. Ba ta gaya musu abin da Baba ya ce game da muryoyin ba, ta kasa, tana dai kallon hannuwansu tana tunanin wacce ce a ciki. Can sai ga Injiniya da rigarsa ta fita unguwa, bayansa kuma matar Baba Direba ita kaɗai, ta zauna a ƙarshen bencin.

Rana ta take kafin magatakarda ya fito. Ya ce an yi wa alƙalin canjin wurin aiki jiya, sai an naɗa wani, za a sanar da sabuwar rana. Lauyar ta bi shi ciki tana magana, aka rufe ƙofa. Babu wanda ya tashi daga bencin.

A lokacin ne wani mutum da ba su sani ba ya zo ya tsaya a gabansu. Ya ciro waya, ba ɓoye-ɓoye, ya shiga ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowanne kafin ya matsa gaba. Mahaifiyar makaniken ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta sake shi. Matar shugaba ta gyara zama ta kalle shi ido cikin ido. Da ya zo kan Anti ya duba wayar, ya ɗan ɓata fuska, ya ce cikin ladabi ko za ta ɗan matsa, haske yana bayanta.

Ba ta matsa ba. Ya zagaya ta gefe ya ɗauka, ya yi godiya, ya sauka ta matakala. Suka ci gaba da zama suna jiran lauyar ta fito ta gaya musu ranar da za su dawo.